Zauren Ɗalibai: Aku abokin Musa ne ko mayaudarinsa?

 

Kafin a tafi hutu mun ba da aiki biyu. Na farko, a nemi Magana Jari Ce a karanta daga littafi na ɗaya har na uku. Na biyu, kowa ya faɗa mana dabbar da zai zaɓa ta zama abokiyar zamansa, da a ce dabbobi suna magana kamar yadda suke yi a littafin. Amsoshi sun iso ta hannun malaman Hausa, kuma masu zafi a cikinsu daga ƙasar Autan Bawo suka fito, wato Rano da Kibiya da garuruwan da ke kewaye da su irin su Lausu da Rurum da Tarai. Kowa ya zaɓi dabbarsa, amma inda gardama ta kaure shi ne a kan Aku kansa. Wasu sun ɗauke shi gwarzo, wasu kuwa sun ce da su ne Musa da tun dare na uku sun sa an fige shi.

Bari mu ɗan tuna wa wanda littafin bai kai hannunsa ba. Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, yana koyarwa a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja. A 1936 Dakta Rupert East, shugaban hukumar da ke samar da littattafan Hausa a Zariya, ya gayyace shi can. Cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, aka buga littattafan uku tsakanin 1937 da 1939. Ku lissafa da kanku: shekararsa 25 a lokacin, bai fi yayyenku da ke jami'a da wasu shekaru masu yawa ba. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya rasu a 1981.

Labarin da ya ɗaure littafi na ɗaya shi ne na Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji, wanda ya fita yaƙi da Sarkin Sinari tare da jikansa Mahmudu, ya bar ɗansa Musa a gida. Wazirin Sarki mugu ne, yana son sarauta, kuma ya san in Musa ya fito daga fada ya samu abin da yake nema. Musa kuwa ba abin da yake so irin ya sulale da dare ya bi su fagen fama. Duk daren da ya shirya sai ya biya wajen akunsa don su yi sallama, shi kuma Aku sai ya ɗauko labari, kafin a ƙare asuba ta yi, tafiya ta fasu. Haka aka yi ta yi har Sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa Aku a matsayinsa. A littafi na biyu Waziri Aku ya kara da wani aku mai suna Haziƙ a gasar ba da labari. A na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar baki.

To, ga abin da kuka ce.

Masoya Aku sun fi yawa. Hujjarsu ita ce ya ceci ran ɗan sarki ba tare da ya ɗauki ko tsinke ba, alhali fadar cike take da bayi masu takubba. Wasu cikinsu sun ce abin da ya fi burge su shi ne yadda tsuntsun da aka saya da kuɗi a hannun wani Balarabe ya wayi gari yana waziri, don kawai ya iya magana.

Masu sukarsa kuwa, waɗanda yawancinsu 'yan ajin ƙarshe ne, sun ce a dubi lamarin da kyau. Musa yana zuwa wajen Aku da zuciya ɗaya, shi kuma Aku yana nuna masa kamar yana goyon bayan tafiyar, alhali ya riga ya ƙulla cewa ba inda za shi. A wajensu wannan yaudara ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya. Wani ɗalibi ya ƙara da cewa shi dai ya fi son abokin da zai dube shi ido da ido ya ce kada ka je, a yi faɗan a gama, da wanda zai riƙa juya shi kamar waina.

'Yan mata sun kawo wani ƙorafi dabam, kuma yana da nauyi. Sun lura cewa a cikin labarin da ya ɗaure littattafan uku ba wata yarinya da ke da aboki irin Aku, ba kuma wadda ake zama don a ba ta labari. In mace ta fito a ƙananan labaran, sau da yawa da wayo ko makirci take fitowa, kamar Kalalatu da ta cinye kajin baƙo sannan ta haɗa mijinta da baƙon tsere. Sun yi dariyar labarin kamar kowa, amma sun ce suna jiran ranar da za a rubuta wanda yarinya ce ke riƙe da tsuntsun.

Akwai kuma waɗanda suka ce littafi na ɗaya ya fi sauran biyun kama zuciya. Muna tare da su, kuma dalilin a fili yake. A na ɗaya, in labari ya gaza daɗi ran mutum ne zai salwanta. A na biyu abin da ake tsoro bai wuce kunyar faɗuwa gasa ba, a na uku kuwa darasi ake yi tsakanin uba da ɗa. Ƙananan labaran na biyu da na uku ba su gaza na farko ba, wasu ma sun fi su tsari, sai dai mai karatu ba ya jin bugun zuciyar nan na ko yau Musa zai fita.

Yanzu mu koma kan babbar tambayar. Don a yi wa Aku adalci, ya kamata a san inda ya fito. Imam bai ƙirƙiri dabarar tsuntsu mai tsare mutum da labari daga iska ba. Akwai tsohon littafin Indiya da ake kira Shukasaptati, ma'ana labarai 70 na aku. A wajen shekarar 1330 wani malami mai suna Nakhshabi ya sake rubuta shi da Farisanci cikin labarai 52, aka san shi da Tutinama. A can, matar wani falke ce take son fita da dare zuwa inda bai dace ba bayan mijinta ya yi tafiya. Tsuntsaye biyu ne a gidan. Ta fara tambayar ɗaya, tsuntsuwar ta faɗa mata gaskiya tsirara cewa abin da za ta yi kuskure ne, nan take matar ta kashe ta. Da ta juyo kan aku, ya riga ya ga abin da ya sami 'yar uwarsa, sai ya ɗauki hanyar labari. Imam ya ɗauki wannan ƙashin baya ya sa masa tufafin Hausa: matar falke ta koma ɗan sarki, fitar dare ta koma zumuɗin yaƙi, aka kawo fada da waziri da bayi. Haka ya yi da labaran da ya tsinto daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus, ya haɗa da namu na gida, har mai karatu ba ya gane baƙo a cikinsu.

Wannan tarihi ya amsa wa masu cewa a faɗi gaskiya kai tsaye a huta. Aku tsuntsu ne a keji, Musa kuwa ɗan sarki ne mai jin ƙuruciya, ga zafin rai. In Aku ya ce kada ka je, abu biyu ne zai faru: shi ya rasa ransa, Musa kuma ya fita a daren ya faɗa hannun mutanen Waziri. An faɗi gaskiya, amma an yi asarar rai biyu. Abin da Aku yake nema shi ne gari ya waye Musa yana numfashi, kuma kowane dare ya samu hakan. Sannan ku sake duba labaran da yake zaɓa. Da yawansu a kan gaggawa ne, da kwaɗayi, da raina shawara, da amincewa da wanda bai cancanta ba. Gaskiyar da Musa ba zai saurara a jimla ɗaya ba, ita ce ake ɗura masa da cokali har tsawon dare. Shi ya sa sunan littafin ya zauna daram.

Duk da haka ba mu ce masu suka ba su da abin riƙewa ba. Dabarar Aku ta halatta ne saboda abubuwa biyu: ba shi da ƙarfin da zai hana Musa ta wata hanya, kuma duk abin da ya yi don amfanin Musa ya yi shi. In aka cire ɗaya daga cikin biyun, abin ya zama wani abu dabam. Shi ma Waziri ai ya iya baki, da zaƙin harshe ya zauna kusa da Sarki shekara da shekaru. Bambancinsa da Aku shi ne wanda zai ci ribar maganar. Don haka duk lokacin da wani ya zo muku da magana mai daɗi, tambayar da za ku yi ita ce: in na bi, wa zai amfana, in kuma ta ɓaci, wa zai kwana a ciki?

Kada a ɗauka wannan zancen fada ne kawai. Kowannenmu ya san irin kiran da ake yi wa yaro bayan sallar isha. A zo mu bi ayarin siyasa, akwai ɗan abin da za a raba. A zo mu leƙa wajen su wane, ƙwaya ɗaya ba ta komai. A bar wannan karatun haka nan, mota za ta tashi zuwa Legas ko Abuja, wane ya je wata uku ya dawo da babur. Ga 'yan mata kuma akwai mai saƙon dare da alkawarin waya sabuwa. Duk waɗannan mutanen Waziri ne a bakin ƙofa, kuma ba wanda yake zuwa da fuskar mugu. Mu da muka bar sakandare ba da daɗewa ba muna iya ƙirga 'yan ajinmu da suka amsa irin wannan kira, ba su zauna jarrabawar ƙarshe ba. Yawancinsu ba su rasa mai yi musu faɗa ba. Abin da suka rasa shi ne sa'ansu guda ɗaya da zai san yadda zai riƙe su har zafin ya wuce, ko da da hira ce, ko da ƙwallo, ko da cewa raka ni wajen kawuna mu dawo.

Wannan ya kawo mu ga dabbobin da kuka zaɓa. Samari da yawa sun ce zaki, wasu doki, wasu shaho. 'Yan mata sun fi karkata ga kyanwa da barewa da tantabara. In aka duba, kowa ya zaɓi abin da yake so a ce ya yi kama da shi. Akwai wani marubucin Ingila, Philip Pullman, da ya gina littattafai uku na matasa a kan irin wannan tunani, waɗanda suka fito a 1995 da 1997 da 2000. A duniyar da ya ƙaga, kurwar kowane mutum tana tafiya a gefensa cikin siffar dabba, tana magana da shi. Ta yaro tana sauya kama yadda ta ga dama, yanzu ɓera, an jima tsuntsu, sai ya balaga take tsayawa a siffa ɗaya da ke nuna halinsa. Littattafan sun jawo ce-ce-ku-ce a can saboda yadda suka taɓa coci, amma abin da yara masu karatu suka fi riƙewa shi ne tambayar nan: ni wace dabba ce tawa? Tambaya ce mai daɗi, mu ma mun yi ta. Sai dai da Musa ya samu dabba mai irin halinsa, da zaki zai samu, kuma da su biyun sun fita tun daren farko. Abin da ya cece shi shi ne abokin da ya saɓa da shi: shi mai gaggawa, Aku mai haƙuri; shi yana ganin daren yau, Aku yana hangen ranar da Sarki zai dawo.

Amsar da ta fi tsaya mana a rai daga wajen Lausu ta zo. Ɗalibin ya ce shi bai taɓa ganin aku ido da ido ba, don haka jakin gidansu zai zaɓa. Dalilinsa shi ne jakin ya san hanyar gona da ta gida ko da duhu, kuma in ya ga rami ko ruwan da bai yarda da shi ba, ko za a karya sanda a jikinsa ba zai taka ba. Wasu za su yi dariya, amma wannan ɗalibi ya fahimci littafin fiye da masu zaki. Ya zaɓi dabbar da ta iya cewa a'a.

Wasu kuma sun tambaye mu inda ake sayar da aku da nawa yake, suna so su tara kuɗi su saya. A nan sai mu ce a dakata. Akun da aka sani da kwaikwayon magana, mai launin toka da jan wutsiya, tsuntsun kurmi ne. Yana rayuwa a dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru da Gabon da Kwango, cikin garke, yana sheƙa a kogon manyan itatuwa. Basirarsa gaskiya ce: wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana nazarin wani aku mai suna Alex, wanda kafin ya mutu a 2007 ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launi da siffa, yana ƙirga abubuwa kaɗan. Wannan basirar ce ta zame masa bala'i. An yi ta kama shi ana fita da shi ƙasashen waje, da yawa suna mutuwa a hanya, ga kuma saran daji. A Ghana bincike ya nuna an rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na waɗannan tsuntsaye daga 1992. A 2016 ƙasashen duniya suka taru a Johannesburg ta Afirka ta Kudu suka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Kuma aku yana iya shekara 40 ko fiye a raye. In aka kulle shi shi kaɗai, kaɗaici kan sa ya riƙa fige gashin jikinsa da bakinsa. Wanda ya ƙaunaci Waziri Aku a takarda, mafi kyawun abin da zai yi wa danginsa shi ne ya bar su a kurminsu.

Ai ma ba mu rasa abokan zama a gida ba. A Rano da Kibiya da wuya ka shiga gida ba ka tarar da tunkiya ko akuya ko kaji da aka ce na wane ne ko na wance ba. Akwai masu ɗakin tantabara a bayan gida, akwai masu kai shanun huɗa kiwo da yamma, akwai wanda ya yi wata da watanni yana ba rago dusa da harawa, ranar layya ya kasa cin naman. Waɗannan ba sa ba da labari, amma suna da haƙƙi a kanmu, kuma addini bai yi wasa da shi ba. Hadisi ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa tsayawa yana tambayar wani ƙaramin yaro labarin ɗan tsuntsunsa. A Alƙur'ani kuma mun karanta alhudahudan Annabi Sulaiman da ya kawo labarin Saba'u, da karen Ashabul Kahfi da ya kwanta a bakin kogo. Wanda yake mafarkin aku mai magana alhali akuyarsa ta wuni a rana ba ruwa, bai shirya riƙon aboki ba tukuna.

Hukuncinmu a wannan zaure shi ne Aku abokin Musa ne na gaskiya, kuma masu sukarsa sun yi mana amfani da suka tilasta mu muka nemi dalili. Abin da ya rage shi ne kowa ya duba ajinsu. Akwai wanda kuka ga take-takensa sun fara sauyawa, ya rage zuwa makaranta, ya sami sababbin abokai da ba a san inda suke kwana ba? Gori ba zai dawo da shi ba, kai ƙararsa gaban jama'a ma sai dai ya ƙara masa nisa. Ku nemi hanyar da zai saurara, in abin ya fi ƙarfinku ku sami malamin da yake jin nauyinsa ko wani babba a gidansu, a yi maganar a sirrance. Haka kuma in kai ne ake riƙewa, kafin ka fusata ka tambayi kanka me mai riƙe ka zai samu in ka zauna.

Aikin wannan mako ya fito daga ƙorafin 'yan mata da amsar ɗalibin Lausu. A rubuta labari da bai wuce shafi biyu ba, wanda yarinya ko yaro ɗan ƙauyenku yake shirin yin wani abu na gaggawa, dabbar gidansu kuma ta hana shi. Sharaɗi ɗaya ne: dabbar ta zama wadda kuka taɓa ba abinci da hannunku. A miƙa wa malamin Hausa kamar yadda aka saba, tare da sunan makaranta da aji. Waɗanda suka fi tsari za mu buga su a wannan shafi.